Mai Ɗaure Dogo a Garin da Babu Jirgi

Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma, sai dai Baba ya riga mu. Ya rasu a ƙarshen daminar bara, wata Laraba da hantsi, lokacin gero ya fara nuna a gonakin bayan gari.

Da muka dawo daga maƙabarta, tabarmin ƙofar gida suka kasa, sai da aka aro na masallaci. Ni dai na zauna ina amsa gaisuwa, bakina yana cewa "da godiya" ban ma san yana faɗa ba. Abin da ya dawo da ni hayyacina wani mai tura amalanke ne da ban taɓa gani ba. Ya durƙusa, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Wallahi tsohon nan ya taɓa tare ni a tsakiyar hanya da kaya niƙi-niƙi, ya ce ba zan wuce ba sai ya ɗaure mini taya. Ranar har zaginsa na yi a zuciya. Allah ya yafe mini, shi kuma ya jiƙansa."

Sai ga mai niƙan unguwarmu ya ce shi ma haka aka yi masa da injinsa. Wani tela ya ce kekensa. Maƙwabcinmu Bafulatani, dillali a kasuwar shanu, wanda suka yi shekara da shekaru suna faɗa da Baba a kan dakali ɗaya, ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "To, shi ke nan. Mai ɗaurewa ya tafi, yanzu kam Potiskum sai ta kwance." Mutane suka tuntsire da dariya a wurin makoki. Liman ya yi gyaran murya, sannan shi ma ya sunkuyar da kai yana murmushi.

A cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwar Baba, tana kuka tana mita. Ya tafi, in ji ta, bai sassauta mata ƙofar ɗakinta ba, wadda ya ɗaure har sai ta sa kafaɗa take buɗuwa.

Ga kuma Yaya, ɗan farin Baba. Yana zaune a ƙarshen tabarma da manyan hannayensa na mai walda a kan gwiwa. Na ga wasu masu gaisuwa suna satar kallonsa, don gari ya ji abin da ya taɓa shiga tsakaninsu, amma ba kowa ya ji yadda ya ƙare ba. Ni da ni aka yi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kada a tuna Baba da sufana kaɗai.

Mu asalinmu fatake ne daga Kano. Kakanmu ya zo Potiskum da tufafi, ya ga ciniki, ya zauna. Duk 'ya'yansa suka bi rumfa, sai Baba. Yana saurayi ya ji ana ɗaukar leburori don shimfiɗa layin dogo daga Gombe zuwa Maiduguri, ya ajiye ma'aunin yadi ya gudu. Kakanmu bai taɓa yafe masa wannan ba sosai. Ɗan fatake ya koma ɗaukar ƙarfe a ka, a cikin daji, wai da sunan aikin gwamnati! Baba kuwa ya zauna a aikin har ya zama heluma, wato shugaban leburori, a wani yanki na layin can gaba da Buni Yadi. Mu da Inna muna Potiskum, shi yana can, sai hutu ko salla muke ganinsa.

Da ya yi ritaya ya dawo garin da ko ƙarar jirgi ba a ji. Wannan shi ne abin tsokanar maƙwabcinmu kullum. "Sarkin dogo, yau jirgin ƙarfe nawa zai iso?" Baba ya ce, "Ranar da zai iso, shanunka za su hau su bar ka a ƙasa, don sun fi ka hankali." Haka za su yi ta yi har a kira salla, su tashi tare.

Kada a ɗauka Baba mutum ne mai shiru-shiru da kawaici. Ina! Mai surutu ne, mai cika baki, in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi kaɗai ya shimfiɗa layin nan, sauran mutane inuwa suka sha. Ya dawo da wata doguwar sufana da ta kai tsawon hannun mutum, da ita yake yawo kamar sandar dogarawa. Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "Wa ya ɗaure wannan?" Gadon ƙarfe, ƙyauren masallaci, famfon unguwa, keken yaran makaranta, duk sun sha wannan tambaya. Ni direba ne, ina jan a-kori-kura, kuma ban taɓa ɗaukar Baba a motata bai zagaya tayoyin nan yana gwada notinsu ba, a gaban fasinja, a gaban 'yan kamasho. In ya sami ɗaya da ya motsa, ranar na shiga uku. In bai samu ba, sai ya ce sufanar ce ba ta kama da kyau ba.

In an zauna hira kuwa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, sai ya koyar da aikin. Ya karya karan dawa ya jera a ƙasa. Waɗannan gajerun da ke kwance a gicciye, in ji shi, su ne silifa, kuma na ƙarfe ne, don katako a ƙasarmu abincin gara ne. Dogaye biyun nan a kansu suke zaune. Abin da ke riƙe dogo a kan silifa wani ɗan ƙarfe ne mai kauri kamar tafin hannu, kilif, wanda yake danne ƙafar dogon, a zura masa kusa a ɗaure da noti. Kowane dogo yana da kilif ta ciki da ta waje.

"Kuma ba mutum ɗaya ke ɗaurewa ba," haka yake cewa yana kaɗa yatsa. "Biyu ne, suna fuskantar juna, dogo a tsakiyarsu. Wannan ya murɗa kaɗan, ya tsaya, wancan ya murɗa kaɗan. In ɗaya ya yi gaggawa ya ƙure nasa, ya ture dogon gefe, faɗin layi ya ɓaci. Ido ba zai gani ba, amma ƙafar jirgi za ta gani."

Abu ɗaya ne ba ya cika baki a kansa. Ya taɓa ganin taragon shanu ya sauka daga layi ya kife. Ya ce wuni guda suna jin kukan shanun nan a cikin ƙarfe, ana yanka waɗanda aka iya kaiwa. Sau ɗaya tak na ji ya ba da labarin.

Sai maganar Yaya. Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa ba wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunan Yaya ba, bai taɓa kallonsa ido cikin ido ya yi masa magana ba. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, ni ake nema. "Auta, ka faɗa wa wancan rufin zaure yana yoyo." Yaya yana jin komai da kunnensa, amma sai na juya na maimaita. In ba na nan, a ba Gwaggo saƙo, ko a faɗa wa bango. Mutane suna cewa wannan ai kara ce da girmamawa, kuma haka ne. Sai dai Yaya ya tashi uba yana daji, shi ya riƙe gida tun gemunsa bai fito ba, shi ya yi jinyar Inna har ta rasu. Da uban ya dawo, mutumin da ke iya tsayar da baƙo a hanya ya yi masa hirar awa guda, shi bai samu ko "sannu" ba. Yaya bai taɓa cewa abin yana damunsa ba. Ni dai na san yana damunsa.

Duk da haka shi ke ciyar da Baba. Yana da shagon walda da ƙira a bakin kasuwa, yana yin garmar shanu, kuma manoma daga Nangere har Fika sun san hannunsa. Matarsa ce ke yi wa Baba tuwo, ta san yadda yake son miyar kuka da kauri, ta san ba ya son yaji ya yi yawa.

Rigimar ta faru da wata bazara, 'yan shekaru bayan an yanke mana jihar Yobe. Lokacin abubuwa sun yi tsanani, ƙarfe ya yi wuya, jirgi kuma ya kusa daina tafiya, sai a daɗe ba a ji ya wuce ba. Manoma sun yi wa Yaya caa, kowa yana son garmarsa kafin ruwan shuka. Wata Juma'a na ɗauko Baba daga masallaci, na biya ta shagon don in ɗauki garemani in kai ƙauye. Baba ya sauko zai yi sana'arsa ta zagaya tayoyi, sai ya tsaya. Can gefen shagon akwai wani tuli da aka rufe da buhuna, iska ta ɗage gefe ɗaya. Ya je ya sa sufana ya yaye buhun.

Kilif ne tuli guda, da kusoshinsu da notinsu, ga silifu an jingine a bango, an riga an yanka wasu. Baba ya sunkuya ya ɗauki kusa ɗaya, ya sa babban yatsa ya shafa zaren da noti ke bi a jikinta. Zaren yana ƙyalli, da sauran baƙin mai a jikinsa.

"Auta," ya ce daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ka tambayi wancan ina ya samo waɗannan."

Yaya ya ɗage gilashin walda. "Ka faɗa masa a wurin 'yan gwangwan na saya, da rana tsaka, kowa yana gani. Tsofaffin ƙarafa ne."

"Ka faɗa masa tsohon ƙarfe ba ya zuwa da mai a jikinsa. Wannan daga layi mai rai aka kwance shi, bai daɗe ba."

"Ka faɗa masa ni ban kwance ba. Kuma wane jirgi? Jirgin da ya mutu?"

"Ko sau ɗaya yake wucewa a shekara, da mutane a ciki yake wucewa."

Wannan ta ƙarshen ban maimaita ba, don ba wanda ya jira ni. Baba ya sa kusar a aljihu ya koma mota. Da muka iso ƙofar gida, ya ce, "Na yankina ne. Na san su. Da hannuna na ɗaure su."

Da magariba matar Yaya ta aiko da tuwo kamar kullum. Baba ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya ce a mayar, a ce mata Allah ya yi mata albarka, ba ita ta yi laifi ba, amma shi ba zai ci abin da aka sayo da ƙarfen da aka zare daga ƙarƙashin mutane ba. Ranar da ƙarafan nan suka koma inda aka ɗauko su, ranar zai ci.

Muka ɗauka fushin kwana biyu ne. Ashe ba mu san wanda ya haife mu ba. Ya koma jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ɗakinsa, wani lokaci Gwaggo ta aiko da kunu, ita ma ba ƙarfi gare ta ba. Ni ban yi aure ba lokacin, kullum ina hanya, in na sayo masa abinci a tasha sai ya tambaye ni ko kuɗin dakon garma ne, kuma sau da yawa shi ne. Ga zafin bazara. Mutum mai jiki ya fara zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya daina fita da sufana. Wata rana ya tashi daga sujada jiri ya kwashe shi, maƙwabcinmu ne ya tare shi. Na tsorata ƙwarai. Na ga Baba zai mutu da yunwa a gidan da ake tuƙa tuwo kullum, ya bar Yaya da wannan a wuyansa har abada.

Na je wurin Yaya na roƙe shi. Ya ajiye guduma ya ce, "Auta, na yi wa mutane alkawari. In ruwa ya sauka ba garma, iyalinsu me za su ci? Wannan bai dame shi ba. Shi ƙarfe ya sani. Ƙarfe ya bi ya bar mu, ƙarfe yake kira da sunansa." Ya ɗauki gudumar ya ci gaba da dukan abin da ba ya bukatar duka.

Liman ya sa baki, bai yi ba. Gwaggo ta je ta zage su duka biyu, kowa a ɗakinsa, bai yi ba. Wadda ta karya abin matar Yaya ce, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ba ta fasa aika tuwon ba ko sau ɗaya. In an dawo da shi, sai ta ajiye. In Yaya ya dawo daga shago ya wanke hannu, sai ta ɗauko kwanon Baba, tuwon ya sandare, miyar ta yi fata, ta ajiye masa. Ya ce ina nasa? Ta ce, "Malam, tuwon babba ba a zubarwa, kuma ba a ba yara. In bai ci ba, ai sai wanda ke bi masa." Haka Yaya ya yi ta cin tuwon da ubansa ya ƙi, mai sanyi, a kwanon uban, kullum.

Wata safiya ya zo ya same ni ina wanke mota. Bai kalle ni ba, ya ce, "Ka nemi mai. Gobe za mu Buni." Silifun da ya riga ya yanka sun yanku, ba yadda za a yi da su. Sauran, da kilif ɗin da kusoshin, muka loda. Manoman da bai gama wa aiki ba ya bi su ɗaya-ɗaya ya ba su haƙuri, wasu suka haƙura, wasu suka tafi wurin wani maƙerin, kuma ba su dawo ba har yau.

Ni tsorona shingayen hanya ne, a kama mu da kayan reluwe a ce mu ne ɓarayin. Baba ya fito da tsohon kakinsa da ya yi masa yawa, ya shiga gaba ya rungume sufana, Yaya ya hau baya a kan ƙarafa. A shingen da ke gaba da Damagum aka yaye tamfol aka tambaye mu. Baba ya sauko ya fara bayani tun daga ranar da aka ɗauke shi aiki, har ya fara neman karan dawa a bakin titi. Mai bindigar da ke tsaron shingen ya duba layin motocin da ya taru a bayanmu, ya ce, "Baba, don Allah ku tafi. Allah ya kiyaye hanya."

Muka isa wajen azahar. Heluman da ke riƙe da yankin yanzu tsohon yaron Baba ne, shi ma ya yi furfura. Da ya ga Baba ya zube ƙasa yana gaisuwa, da ya ga abin da ke bayan mota kuwa sai ya riƙe baki. Leburorinsa duk sun watse neman abinci, shi kaɗai ya rage da wani tsoho. Ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa waɗannan ba na yankinsa ba ne, ƙirarsu ta wani wuri ce can wajen Gombe, amma za su hau, kuma Allah ya sani yana bukatarsu. Na ce ya rufa mini asiri kada Baba ya ji. Har Baba ya koma ga Allah yana cewa da hannunsa ya ɗaure su tun farko.

Ya kai mu wata kwana inda ɓarayi suka yi ɓarna. Silifu a jere, dogo yana zaune a kansu haka kawai ba abin da ya riƙe shi, sai ɗai-ɗai da heluman ya ciro daga wani wuri ya sa. Baba ya sa ƙafa ya taka dogon, ya ji ya motsa. Ya ce a sauke kaya.

Nan heluman ya ce doka ce, ba a taɓa layi sai an tsayar da mutum da jar tuta can nesa, ta kowane ɓangare, ko da jirgi zai ɓullo. Ya miƙa wa tsohon leburan tuta ɗaya ya tura shi gabas. Ya miƙo mini ɗaya ya nuna mini yamma. Na ce wane jirgi kuma, ai shi da bakinsa ya ce an daɗe ba a ga ko hayaƙinsa ba. Baba ya daka mini tsawa: "Doka ce! Tafi!" Shi kuma heluman ya ɗauki ƙarfen awon faɗin layi ya yi gaba, wai zai duba inda kwanar ta fara.

Sai da na yi nisa na juyo, sannan na gane abin da ya faru. Sufana biyu, ta Baba da ta heluma, mutum biyu, dogo a tsakiya, kuma babu Auta.

Ina tsaye a rana da jar tuta, ina tsaron jirgin da ba zai zo ba, ina hangen su ƙanana. Da farko Baba da hannu yake nuni. Ya nuna kilif, Yaya ya ɗora. Ya nuna kusa, Yaya ya zura. Suka kafa sufana. Yaya mai ƙarfi ne, kuma da haushi a cikinsa, na ga ya murɗa tasa har ƙarshe a tashi ɗaya. Baba ya ɗaga hannu, ya juya hagu, ya juya dama, yana neman wanda zai ba saƙo. Daji ne kawai da tsakuwa. Ya daɗe a tsaye. Sannan na ga ya ɗago kai ya dubi Yaya.

Ban ji abin da ya ce ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Na dai ga Yaya ya sassauta notin, suka sake farawa. Wannan ya murɗa ya tsaya, wancan ya murɗa ya tsaya. Suka matsa silifa ta gaba. Can Baba ya gaji, ya zauna a kan dogon, heluman ya dawo ya karɓi sufanarsa, amma bakin Baba bai zauna ba. Da la'asar aka yafito ni. Ina matsowa ina jin muryarsa, irin wadda yake yi wa kowa a gari:

"Kai, a hankali mana! Ba garma kake ɗaurewa ba. Jira shi. Yauwa. Yanzu naka. Ka ji yadda ya zauna? Haka ake yi. Ashe kana da hannu."

Yaya yana sunkuye, gumi yana ɗiga daga gemunsa, yana cewa, "To, Baba. To, Baba." Na juya baya na yi kamar ina naɗe tuta, don idona ya cika.

Muka yi salla a gindin wata tsamiya. Sai Yaya ya je mota ya ɗauko wani ƙunshi da matarsa ta ba shi tun asuba, dambu ne da zogale a kwanon Baba, an ɗaure da ɗankwali. Bai ba ni in miƙa ba. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba da kansa, ya koma gefe. Ba wanda ya yi motsi. Baba ya kwance ɗankwalin, ya buɗe, ya yi bismilla, ya ci. Ya ci sosai, har yana mitar man ya yi kaɗan.

Tun ina yaro, in Baba yana gida, ragowar kwanonsa tawa ce. Haka ake yi, ta auta ce, kuma ko da na girma ba a fasa ba. Da na ga ya tsame hannu ya bar kusan rabi, sai na gyara zama ba tare da tunani ba. Baba ya ɗauki kwanon, ya tsallake ni, ya tura shi gaban Yaya.

"Ungo," ya ce. "Kai ka yi aiki."

Yaya, magidanci mai mata da 'ya'ya, mai gemu, ya karɓa da hannu biyu. Ya juya mana baya kaɗan ya ci, bai bar ko ƙwaya ba.

Daga ranar har ranar da Baba ya bar duniya, abincin gidan Yaya ya ci, kuma na rasa aikina na ɗan aike. Sunan dai bai taɓa kira ba, wannan kam ya tafi da shi. Amma da ciwon ajali ya kwantar da shi, in an kawo kunu ni ko Gwaggo muka ɗauki ludayi, sai ya kawar da kai, ya ce a bari wancan ya zo, shi ya iya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Mu da ya bari, Allah ya riƙe mu tare.